Akwatin Fiyus da Rile: Yadda Za Ka Zaɓi Wanda Zai Jure Ruwan Kudu

Da wuya ka ga motar ɗan Arewa da ke aiki a Kudu tana nan yadda kamfani ya ƙero ta. Tirelar da ke ɗauko shanu daga Potiskum ko Mubi zuwa Kara ko Lokpanta an ƙara mata fitilu a goshi, an ƙara wasu a gefe don a riƙa leƙa dabbobi cikin dare, ga hon na iska, ga fanka a gidan direba, ga wurin cajin waya. Hilux ɗin da ke kai nama daga Oko-Oba haka, bas ɗin da ke jigila tsakanin Sabo ta Ibadan da gida haka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma wasu sun mayar da motocinsu masu amfani da gas, shi ma da nasa wayoyin. Duk waɗannan kaya wuta suke ci, kuma daga batir ɗin motar take fitowa.

Yadda aka saba yin aikin kowa ya sani. Mai wayarin zai laluba ya samo wayar da ke da wuta kusa da inda ake so, ya fere ta, ya murɗa sabuwa a kai, ya naɗe da baƙin tef. In ya yi kirki ya rataya fiyus guda a tsakiya yana reto a ƙarƙashin bonet. Bayan wata shida a ƙara wani abu, a sake jonawa a kan jonin farko. Wata rana sai ka buɗe bonet ka ga wayoyi kamar taliya, babu wanda ya san wacce ta nufi ina, har shi wanda ya yi aikin.

A Kano ko Katsina irin wannan aiki yana iya daɗewa bai nuna halinsa ba, tunda fiye da rabin shekara rani ake yi. Kudu ba haka take ba. Ruwan da ke sauka a Fatakwal a shekara ya haura milimita 2,000, na Kano kuwa da ƙyar yake kai 1,000. A Legas ana ruwa tun wajen Afrilu har Oktoba, ga iskar teku mai gishiri ga wanda ke shiga Apapa. Ko ranar da ba a yi ruwa ba, iskar kanta a jiƙe take. Wanda ke hulɗa da Kara ya san yadda kogin Ogun ke cika ya malalo cikin kasuwa wajen Satumba da Oktoba, musamman in an saki ruwan madatsar Oyan. Direbobi kuma ba su manta da 2022 ba, lokacin da ambaliya ta datse hanya a Koton Karfe kusa da Lokoja, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye.

Mu da muka tashi a harkar shanu muna da ƙarin abu guda da sauran masu mota ba su da shi, wato fitsarin dabbobi. Warin nan mai hawa kai da ke tashi daga bayan tirela yana cin jan ƙarfe da tagulla, kuma da jan ƙarfe ake yin waya. Sannan in an sauke kaya a wanke motar da injin mai feso ruwa da ƙarfi. To, joni da aka naɗe da tef ba ya iya tsayawa gaban wannan. Zai yi kore, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar, wurin ya riƙa zafi. Mai sa'a fitilarsa ce za ta mutu a dajin Okene da tsakar dare. Marar sa'a hayaƙi zai gani daga ƙarƙashin bonet, da shanu talatin na mutane a bayansa.

Gyaran shi ne a tara duk kayan da aka ƙara a akwati guda nasu na kansu: wuta ta shigo masa kai tsaye daga batir ta waya ɗaya mai kauri, ta rabu a ciki, kowane kaya da fiyus ɗinsa, masu cin wuta da yawa kuma kowanne da rile. Wayoyin kamfani a bar su yadda suke. Sai dai akwatunan da ke kasuwa kala-kala ne, kuma kusan kowanne an rubuta a kwalinsa wai ruwa ba ya shiga.

Aikin fiyus da aikin rile

Mutane da yawa suna ɗauka fiyus fitila ko rediyo yake karewa. Waya yake karewa. Batir ɗin mota yana iya tura ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, shi ya sa yake iya juya injin. In waya mai wuta ta goge ta taɓa ƙarfen mota, duk wannan ƙarfin zai bi ta cikinta, ta yi ja kamar garwashi, robarta ta kama. Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka auna shi don ya riga wayar narkewa. Saboda haka lambar fiyus ba ta wuce abin da wayar da ke bayansa za ta iya ɗauka. Ka riƙe wannan, shi ne tushen duk lissafin da ke tafe.

Fiyus mai ƙafa biyu da muke gani a yawancin motoci, kamfanin Littelfuse na Amurka ne ya fito da shi a 1976, kuma launinsa yana faɗin lambarsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari garai-garai 25, kore 30, ruwan ƙasa 7.5. Harafin A da ke gaban lambar shi ne amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudu a waya.

Rile kuma makunni ne da wuta ke kunnawa maimakon yatsa. A cikinsa akwai naɗin siririyar waya, in ta samu 'yar wuta kaɗan, ƙasa da rubu'in amfiya ɗaya, sai ta zama mayen ƙarfe ta jawo wani ɗan harshe ya haɗa babbar hanya. Ƙarar “ƙas” da kake ji ke nan. Amfaninsa shi ne babbar wuta ba sai ta shigo gidan direba ta bi ta ɗan makunnin da ke dashbod ba. Ta tashi daga batir ta bi ta rile ta tafi fitila, hanya gajera, fitila ta fi haske, makunni bai narke ba. Lambobin ƙafafunsa tsarin Jamus ne kuma kusan duk duniya shi ake bi: 30 ita ce ke karɓar wuta daga fiyus, 87 ita ke kai wa kaya, 85 da 86 su ne na naɗin wayar. In akwai ta biyar a tsakiya, yawanci 87a ce, wadda ke da wuta lokacin da rile yake kashe.

Nan akwai tarko. Wani rile mai ƙafa biyar ba shi da 87a, ƙafa 87 biyu gare shi don ya ciyar da fitila biyu. A ido iri ɗaya ne, kuma duk suna shiga soket ɗaya. In aka musanya su sai ka ga fitila ɗaya na ci alhali makunni a kashe, kafin asuba batir ya sauka. Zanen da ke jikin rile shi ke bambanta su, a duba shi kafin a biya kuɗi.

Lissafi kafin kasuwa

Kada ka fara da tambayar wane akwati ne mai kyau. Ka fara da takarda da biro, ka rubuta duk abin da za a jona. Kowane kaya yana da wat a rubuce a jikinsa ko a kwalinsa. Raba wat da bolt na motarka, abin da ya fito shi ne amfiya. Misali, fitilun ƙari biyu masu wat 55 kowacce, jimla 110, a motar bolt 12 ya ba ka kusan amfiya 9. Ba a sa musu fiyus 10, ya yi kusa da iyaka, zai riƙa ɗumi har wata rana ya yanke ba tare da laifin komai ba. Masu ƙera fiyus suna ba da shawarar kada kaya ya wuce kashi 75 cikin 100 na lambarsa in zai daɗe yana aiki, don haka 15 ne daidai. Wayar da za ta bi shi kuma kada ta gaza mai kaurin 1.5. A taƙaice dai, waya 1.0 ta tafi da fiyus 10, waya 1.5 da 15, waya 2.5 da 20 ko 25, waya 4 da 30. In hanyar na da tsawo, kamar daga kan tirela zuwa wutsiyarta, a ƙara kaurin waya mataki ɗaya, domin wuta na raguwa a doguwar waya, amma fiyus ya tsaya yadda yake.

Abin da ke da moto a ciki, kamar fankar lagireto ko ɗan kwamfaresan hon na iska, yana fizgar wuta da yawa a daidai lokacin tashi kafin ya daidaita. Irin waɗannan ko da yaushe a ba su rile nasu, kuma a bi lambar fiyus da mai kayan ya rubuta.

In ka gama, ka tara amfiyar duka. A ce ta kama 40. To akwatin da za ka saya dole a rubuce yake cewa babbar hanyarsa na ɗaukar fiye da haka sosai, da yawa ana rubuta 100 gaba ɗaya da 30 ga kowane gida. Ka ƙirga gidajen fiyus da na rile da kake buƙata, sannan ka ƙara biyu a kai. Duk mai mota ya san halin kansa, kafin Babbar Sallah zai ƙara wani abu. Ka kuma tuna altaneta ce ke biyan duk wannan bashi in injin na aiki. Ta ƙananan motoci ba ta cika wuce amfiya 70 zuwa 100 ba, kuma motar kanta ta riga ta ci kaso mai yawa. Akwati komai kyansa ba ya ƙara wuta, rabawa kawai yake yi.

Inbata kuwa kada ta shiga wannan akwati sam. Mai wat 1,000 a bolt 12 tana jan sama da amfiya 80 ita kaɗai. Wayarta daban, babban fiyus ɗinta daban.

Sai maganar 12 da 24. Hilux, Hiace, Sienna, Golf da ire-irensu bolt 12 ne. Manyan motocin Turai da China irin DAF, MAN da Howo bolt 24 ne, batir biyu a jere. Fiyus mai ƙafa biyu bai damu ba, an yi shi ya ɗauki har bolt 32. Rile ne ya damu. Na 12 a motar 24 naɗinsa zai ƙone, na 24 a motar 12 ba zai ja ba, ko ya ja yana saki. Akwatuna da yawa suna zuwa da rile a ciki, kuma kusan duk na 12 ne, mai tirela ya lura. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yi yawa a tasha: a jawo waya daga batir ɗaya cikin biyun don a samu 12 na rediyo da caja. Yana aiki, amma batir ɗaya na shan wahala fiye da ɗan'uwansa, caji ba ya daidaita, a ƙarshe duka biyun su mutu kafin lokacinsu. Akwai 'yar na'ura mai sauke 24 zuwa 12, ita ce hanyar, kuma kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba.

Me “ruwa ba ya shiga” yake nufi?

A jikin akwati na gaske za ka ga haruffan IP da lamba biyu. Ma'auni ne na ƙasa da ƙasa. Lambar farko ta ƙura ce, 6 ita ce ƙarshe, ma'ana ko ƙurar hunturu ba ta shiga. Ta biyu ta ruwa ce. 4 fantsama kawai take jurewa. 5 ruwan tiyo, 6 ruwan tiyo mai ƙarfi. 7 na nufin an nutsar da shi cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30 bai sha ba. Akwai kuma IP69K, wanda aka gwada da ruwan zafi mai tsananin matsi, irin na wankin manyan motoci. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, 7 ba ta haɗa da 6 ba. Nutsewa a ruwa kwance daban, feshi mai ƙarfi a bakin murfi daban. Motar da ke shiga ruwan Legas har gwiwa IP67 take so. Motar da ake wankewa da injin duk sauke kaya IP66 ko IP69K take so. Wasu akwatunan suna ɗauke da biyun.

Amma fa buga IP67 a kwali ba ya cin ko sisi, kowa na iya bugawa. Kuma ko na gaskiyar ne, an ba shi lambar ne lokacin da duk ƙofofinsa ke toshe yadda ya kamata. A nan ne yawancin aiki ke lalacewa. Mai saye yana duba murfi, ya ga zoben roba, ya gamsu. Ruwa kuwa ba ta murfi ya cika shiga ba, ta inda wayoyi suka fito yake shiga.

Juya akwatin ka dubi gindinsa. Za ka ga ɗaya cikin uku. Na farko, gindin a buɗe yake, kana ganin ƙarafan da wayoyi ke maƙale da su. Wannan shi ya fi yawa a kasuwa, kuma hula ce kawai: yana tare ruwan da ya zo daga sama, na ƙasa da tururi kuwa hanya a buɗe. Na biyu, kowace waya tana shiga ta raminta ita kaɗai, sanye da 'yar roba mai kama da ƙwayar masara da ake matsewa tare da kan wayar, ramukan da ba a yi amfani da su ba kuma a cusa musu toshiya ta roba. Irin na Bussmann da Littelfuse ke nan. Na uku, akwatin a rufe yake ruf, wayoyi suna haɗuwa da shi ta filogi mai roba a ciki, irin na Deutsch da ake gani a manyan injinan gini, ko ta wani wuya mai noti da ke shaƙe waya in an ɗaure. Na biyu da na uku su ne na zama a waje. Sharaɗinsu dai robobin su zo tare da akwatin, kuma su dace da kaurin wayarka. Rami ɗaya da aka manta ba a toshe ba ya mayar da akwatin IP67 kwanon tara ruwa.

Wani abin kuma, ruwa na iya tafiya ta cikin wayar kanta, tsakanin zararta, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. In ƙarshen waya a wajen fitila a buɗe yake yana shan ruwa, a hankali danshin zai gangaro har cikin akwatin da ka kashe kuɗi a kai. Shi ya sa ake rufe kowane joni da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, musamman mai gam a ciki. Kan waya kuma a matse shi da filayar da aka yi don haka, ba a murɗa da hannu ba.

Ko akwatin da ya rufu sosai yana numfashi. Injin ya yi zafi, iskar ciki ta kumbura ta fita. Ka shiga ruwan sama, akwatin ya huce farat ɗaya, sai ya zuƙo iska mai danshi ta duk inda ya samu, ta zama raɓa a ciki. Masu kyau suna da ɗan hanci mai tacewa wanda iska ke wucewa ruwa bai wuce ba. A ganina, in ba za ka samu mai rufuwa ta gaskiya ba, gara mai ɗan ramin tsiyaya a ƙasa da wanda ya rufu rabi, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. Kuma kada a bar mai wayarin ya cika ramuka da silikon ɗin nan na gilashi mai warin tsami. Tsamin nan da kake ji yana cin jan ƙarfe. Akwai man shafawa na musamman na kayan wuta, mai kama da basilin, shi ake ɗan shafawa a ƙafafun fiyus da bakin roba.

Inda aka ɗaura shi

In akwai wuri a gidan direba, bayan kujera ko ƙarƙashin dashbod sama da inda ƙafa take, rabin matsalar ta ƙare, ko akwati mai sauƙin kuɗi zai yi shekaru. In dole sai ƙarƙashin bonet, a kai shi sama can kusa da bangon da ya raba injin da direba, nesa da bakin salansa da turbo, domin zafi na gasa roba kuma yana sa fiyus yankewa ƙasa da lambarsa. Kada a ɗora shi daidai kan batir, tururin ruwan batir na ci. Kada a sa shi bayan tayar gaba. A tirela kada ya kasance ƙarƙashin bodi inda fitsari ke tsiyaya. Wayoyi su fita ta ƙasa, kuma kowacce ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta hau cikin akwatin, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a gwiwar. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba.

Babbar wayar da ta taso daga batir ita ma tana son nata fiyus, kuma a nan ne na ga an fi sakaci. Fiyus ɗin da ke cikin akwati ba sa kare wayar da ke kawo musu wuta. In ta goge a shasi babu mai tsayar da ita. A sa babban fiyus mai ɗaurewa da noti, irin MIDI ko MEGA, dab da kan batir, kada ya wuce taƙi ɗaya ko biyu. Ga kayan amfiya 40, waya mai kaurin 10 da fiyus 60 sun isa. Wayar negetif kuma a kankare fenti a ɗaure ta a ƙarfe mai tsabta, a shafa mai a kai.

Tunda ana maganar fitilun ƙari, ga wata alfarma. A ce wa mai wayarin ya ɗauko wutar da ke tada rile ɗinsu daga wayar ful ta mota, ta bi ta makunni. Da ka sauke zuwa dim sai su mutu da kansu. Wanda ya taɓa haɗuwa da tirela mai fitila takwas a hanyar Ore zuwa Benin ya san dalili.

A kasuwa, ko Ladipo ce a Mushin, ko ASPAMDA a Trade Fair, ko Gate a Ibadan, ko Nkpor kusa da Onitsha, ko Ikoku a Fatakwal, ka tafi da ɗan mayen ƙarfe a aljihu. Ƙarafan cikin akwati mai kyau jan ƙarfe ne ko tagulla, ko da an shafe su da fari, kuma mayen ƙarfe ba ya kama su. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ado, damina ɗaya zai yi tsatsa. Cusa fiyus ka zare, ya kamata ka ji ya kama gam, domin sako-sako shi ke kawo zafi. Sa 'yar takarda a bakin murfi ka rufe ka ja, in ta zare salin-alin robar ba ta matse ba. Leƙa cikin murfin, masana'antun kirki suna buga sunan robar da suka yi aiki da ita, irin PA66 ko PBT, masu jure zafin injin. In akwatin ya zo da wayoyinsa, ka fere bakin ɗaya ka kankara zaren da wuƙa. In ciki fari ne, alminiyum ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, kusan kashi 60 cikin 100 kawai, kuma a danshi yana zama gari. In ka kai gida, kafin a ɗaura, ka sa tolet-fefa a ciki, ka toshe ramuka, ka tsoma shi a bokiti na ɗan lokaci. Takardar za ta faɗa maka gaskiya.

Wasu suna sayen akwatin da aka ciro daga motar tokumbo. Ba laifi, ƙarafansa da robarsa sukan fi na sababbi masu araha nesa ba kusa ba. Sai dai an ƙera shi ne don wani lungu na wata mota, yawanci gindinsa ba a rufe yake ba, kuma hanyoyin cikinsa sai mai wayarin da ya iya bin su da mita. Ya dace da gidan direba. Akwai kuma sabon yayi, akwati marar rile marar fiyus na cirewa, komai lantarki ne a dunƙule, da faifan makunnai shida ko takwas masu haske. Yana da kyau a ido kuma ɗaura shi ba wuya. Ni dai ba zan ba mai doguwar tafiya shawararsa ba. Ran da ya ƙone a Jebba ko Mokwa babu abin da bakanike zai iya canzawa a ciki, duk fitilun sun tafi tare.

Wannan tunani na kan hanya ya kamata ya shiga zaɓin fiyus da rile ma. Fiyus mai ƙafa biyu girma-girma ne: akwai na daidai, akwai ƙarami, akwai ƙarami mai gajerun ƙafafu, akwai babba. Ba sa shiga gidan juna yadda ya kamata. Ka zaɓi akwatin da ke cin irin wanda motarka ke ci tun asali, ka huta da ɗaukar kala biyu. Rile kuma mai kusurwa huɗun nan irin na Bosch ko Hella shi ake samu a kowace tasha daga Legas har Maiduguri. Wasu akwatunan masu tsada suna cin ƙananan rile masu siraran ƙafafu waɗanda ba kowane shago ke da su ba. In irinsu ka saya, ka sayi na ajiya biyu ko uku a rana ɗaya.

A cikin murfin a manna takarda, a rubuta gida na ɗaya na mene ne da lambar fiyus ɗinsa, da boko ko da ajami, yadda yaron mota zai gane da tocila a hannu. In fiyus ya yanke, a sa mai launinsa. In sabon ya sake yankewa nan take, to akwai wayar da ke taɓa ƙarfe a wannan layin. Ba a ƙara lamba, ba a naɗa zaren waya ko takardar kwalin taba mai ƙyalli a gurbinsa. A bar gidan babu komai, sauran layukan za su ci gaba da aiki, a ƙarasa gari na gaba a nemi mai wayarin ya bi layin da mita.